Wells Fargo: Bankin Da Ya Kori Ma'aikata 5,300 Ya Kau Da Kai Daga Abin Da Ya Jefa Su Cikin Ha'inci

Ranar 8 ga Satumba, 2016, hukumomi uku a Amurka suka sanar da cin bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185. Hukumar kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna ta karɓi miliyan 100, ofishin da ke sa ido kan bankunan ƙasa ya karɓi miliyan 35, birni da gundumar Los Anjalis suka karɓi miliyan 50. Laifin bankin shi ne ma'aikatansa sun buɗe asusun ajiya kimanin miliyan ɗaya da rabi, da katin bashi 565,000, da sunayen mutanen da ba su nema ba. Da yawansu ba su ma san da zaman abin ba sai da takardar caji ta iso musu gida. Bankin ya kare kansa da cewa ai tuni ya ɗauki mataki, domin daga 2011 zuwa lokacin ya sallami ma'aikata wajen 5,300 a kan wannan ɗabi'a.

Idan aka dubi girman bankin, tarar ba ta taka kara ta karya ba. A 2015 kaɗai ribarsa ta haura dala biliyan 22, yana da rassa kusan 6,000 da ma'aikata sama da 260,000, kuma a wannan shekara babu bankin da ya kai shi daraja a kasuwar hannun jari a duk duniya. Shugabanninsa sun ɗauka za a biya kuɗin, jaridu su yi surutu na kwana biyu, a wuce wurin. Abin da ya biyo baya ya ci kujerun shugabanni biyu, ya ci biliyoyin daloli, ya kuma sa aka ɗaure bankin da takunkumin da sai 2025 aka kwance shi.

Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci nazari ga duk mai tafiyar da kamfani ko ma'aikata shi ne, Wells Fargo ba ya cikin wuraren da ake ce musu ba su da manufa ko ba su da tsari. Yana da manufa mai kyau a rubuce. Yana da ɗan littafin aƙidoji da ake bai wa ma'aikata, wanda a cikinsa aka ce burin bankin shi ne ya biya wa kwastomomi dukkan buƙatunsu na kuɗi, ya taimaka musu su ci gaba. Yana da layin waya na kai ƙorafi a asirce, da sashen bincike, da sashen kula da haɗari, da lauyoyi. Duk da haka aka shafe shekara goma sha huɗu ana yin abin da ya saɓa wa wannan manufa, a gaban idon kowa.

Inda lambar takwas ta samo asali

A 1998 bankin Norwest na birnin Minneapolis ya haɗe da Wells Fargo. Aka riƙe sunan Wells Fargo, tun da shi ne tsohon suna da aka sani tun 1852, mai tambarin keken doki, amma shugabanci da salon aiki na Norwest ne suka yi rinjaye. Shugaban Norwest, Richard Kovacevich, yana kallon banki tamkar babban kanti. Rassa ma ba rassa yake kiransu ba, shaguna yake ce musu, asusu da kati da bashi kuwa kayan sayarwa ne.

Lissafinsa ba shirme ba ne. Kwastoman da abu ɗaya ya haɗa ku, gobe zai iya komawa wani banki. Wanda albashinsa a wurinka yake shiga, ajiyarsa tana wurinka, katinsa naka ne, bashin gidansa da na motarsa kai ka ba shi, ƙaura za ta yi masa wuya, kuma ribar da ake samu a kansa ta ninka ta wancan. Sannan ƙara wa tsohon kwastoma wani abu ya fi jawo sabo sauƙi da araha. Duk bankuna sun san wannan. Abin da Wells Fargo ya yi daban shi ne ya sa wa abin lamba: kowane gida ya zama yana riƙe da kayan bankin guda takwas.

Me ya sa takwas, ba biyar ko bakwai ba? John Stumpf, wanda ya zama shugaban bankin a 2007, ya amsa wannan tambaya da kansa a rahoton shekara na 2010. Ya ce an zaɓi takwas ne don a Turanci ƙarshen kalmar yana tafiya da kalmar da ke nufin ƙasaita, har ya ƙara da cewa wataƙila lokaci ya yi da za a nufi goma.  Take ne mai daɗin faɗa, aka mayar da shi ma'auni.

Daga nan lambar ta fita daga cikin gida ta shiga kasuwa. Duk bayan wata uku, idan bankin zai yi wa masu hannun jari bayani, sai ya faɗi matsakaicin adadin kayan da kowane gida ke riƙe da su. A shekarun 2013 zuwa 2015 adadin yana ɗan sama da shida, kuma ana nuna shi a matsayin shaidar cewa Wells Fargo ya fi sauran bankuna iya riƙe mutane. Masu zuba jari suka saba da jiran wannan lamba. Da zarar abu ya kai nan, saukar da shi ya zama abin tsoro ga kowane shugaba, domin farashin hannun jari da ladan shugabannin kansu sun rataya a kansa.

A nan ne manufa da ma'auni suka rabu ba tare da an lura ba. Manufar ita ce dangantaka mai zurfi da kwastoma. Ma'aunin kuwa yawan asusun da aka buɗe ne. Ana iya cika ma'aunin ba tare da an kusanci manufar ba ko da taku ɗaya, kuma ma'aikacin da ke zaune a reshe ya fi kowa sanin haka.

Yinin ma'aikaci a reshe

Ƙarar da lauyan birnin Los Anjalis, Mike Feuer, ya shigar a watan Mayun 2015 ta bayyana yadda yini yake tafiya. Manajojin gunduma suna duba cinikin kowane reshe da na kowane ma'aikaci sau huɗu a rana: ƙarfe 11 na safe, ƙarfe 1, ƙarfe 3, da ƙarfe 5 na yamma. Wanda bai cika adadin da aka yanka masa ba, a tsare shi bayan tashi yana buga wa mutane waya, ko a ce ya zo ranar hutu, ko a ja masa kunne a rubuce. Akwai kuma takardar da ke jera yankuna da manajoji daga na farko zuwa na ƙarshe, kullum da kowane wata, kowa yana ganin inda sunansa ya faɗa. Watan Janairu ya fi kowane wata zafi, saboda gangamin ciniki na musamman da ake yi a cikinsa, inda ake ɗaga adadin sama da na sauran watanni. A wani yanki har sa manajoji ake yi su ratsa tsakanin sahun 'yan'uwansu da gudu, su je gaban allo su faɗi cinikin da suka yi.

Wanda ya taɓa zama da ma'aikacin banki a Najeriya ya san nauyin kalmar taget, ya san yadda ake bin 'yan'uwa da abokai ana roƙon su buɗe asusu kafin ƙarshen wata. Ma'aikatan Wells Fargo ma da haka suka fara. Sai a buɗe wa uwa, a buɗe wa ƙane, a buɗe wa maƙwabci. Da dangi suka ƙare, taget bai ƙare ba.

Sai aka koma kan kwastomomi. Mutum ya zo buɗe asusu ɗaya, a ce masa ba a bayar da shi sai tare da wasu biyu, alhali ƙarya ne. Wani ya zo a watan Disamba, a riƙe takardunsa sai Janairu ta kama, don cinikin ya shiga lissafin gangami. Wani kuma ba ya ma wurin. Ma'aikaci zai shiga kwamfuta, ya ɗauki bayanan mutumin da ke cikin rumbun banki, ya buɗe masa sabon asusu, ya sa adireshin imel na bogi don kada saƙo ya je masa, ya ƙirƙira masa lambar sirri ta kati. Da yake asusun da babu kuɗi a ciki ba ya shiga lissafin lada, sai ya ɗebo wani abu daga tsohon asusun mutumin ya zuba a sabon, bayan an ƙirga a mayar. A tsakanin nan idan mai kuɗin ya yi sayayya ko wani biya ya fita, kuɗin ba su isa ba, banki ya caje shi tarar cire abin da ya wuce ajiyarsa. Katin bashin da bai sani ba kuma yana tara kuɗin shekara, ba a biya ba, makin cancantarsa na karɓar bashi ya faɗi. A Amurka wannan maki shi ke yanke ko za ka samu bashin gida, da kuɗin ruwan da za a ɗora maka, wani lokaci har da ko mai gida zai ba ka haya.

Wani abu da binciken daraktocin bankin ya gano daga baya ya fi komai bayyana al'adar wurin. Ma'aikatan da aka kama sun fi danganta abin da suka yi da matsin lamba, ba da kwaɗayin lada ba. Yawancinsu ƙananan ma'aikata ne masu karɓar abin da bai wuce dala goma sha wani abu ba a awa. Tsoron kora ne ya fi tura su. Kuma adadin da ake yankawa ba na adalci ba ne tun daga tushe: shugabannin sashen rassa sun san cewa wasu tsare-tsaren cinikin rabin yankuna ne kawai za su iya cika su. Ke nan tun kafin shekara ta fara an riga an shirya cewa rabin mutane za su gaza.

Ba na cewa ma'aikatan ba su da laifi. Wanda ya sa hannun wani a takarda ya ci amana, ko wane ne ya matsa masa. Amma idan wuri yana korar mutum dubu a shekara a kan laifi iri ɗaya, ya ɗauki sababbi su ma su aikata, ya sake kora, shekara biyar a jere, to tambayar ta tashi daga kan halin mutanen ta koma kan kujerar da ake zaunar da su. An bar jaki ana dukan taiki.

Alamun da suke hannun bankin

Masanin gudanarwa Edgar Schein na jami'ar MIT ya raba al'adar wurin aiki hawa uku. Akwai abin da ido ke gani, kamar tsarin ofis da take da bukukuwa. Akwai aƙidojin da ake furtawa. Sannan akwai abin da kowa ya yarda da shi a zuci ba tare da an faɗa ba, wanda shi ne ke juya aiki. A Wells Fargo hawa na biyu yana cewa kwastoma ne gaba. Hawa na uku yana cewa cika lambarka ko ka tafi. Mai son auna al'adar wuri dole ya gangara hawa na uku, kuma abin takaicin shi ne duk kayan awon suna cikin bankin.

Tun a 2004 wani jami'in sashen bincike na cikin gida ya rubuta rahoto yana gargaɗi. Ya nuna cewa ƙararrakin maguɗin ciniki sun tashi daga 63 a shekarar 2000 zuwa kimanin 680 da ake hasashe a 2004. Ya ce ma'aikata suna ganin ba za su iya cika adadin ba sai da maguɗi, kuma tsoron rasa aiki ne ke sa su. Ya ba da shawarar a duba rage adadin ko cire shi. Wannan shekara goma sha biyu ke nan kafin tarar 2016, kuma kusan duk abin da aka gano daga baya yana cikin wannan takarda.

Akwai kuma wata lamba da bankin ke bibiya da kansa, wato kason sababbin asusun da masu su suka zuba wa kuɗi suna amfani da su. Daga kusan kashi 90 cikin ɗari a 2005 ta gangaro ƙasa da kashi 80 a 2012. Asusu suna ƙaruwa, masu amfani da su suna raguwa. Ko ba a kama kowa da laifi ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ana sayar wa mutane abin da ba sa so, kuma lambar da ake kai wa masu hannun jari ta fara zama fanko.

Sai yawan barin aiki. Daga 2011 zuwa 2015 sashen rassa yana rasa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatansa a kowace shekara, a wani lokaci a 2012 ya kai kashi 41. Shugabar sashen, Carrie Tolstedt, ta ɗauki wannan a matsayin abin da aka saba gani a harkar kantuna. Amma banki ba kantin tufafi ba ne. Duk ƙwararren da ya tafi, wanda ke maye gurbinsa sabon shiga ne da bai san ƙa'ida ba, abin da zai fara koya shi ne abin da ya ga na kusa da shi yana yi. Waɗanda suka iya cika lamba ta kowace hanya kuma su ake ɗaga wa girma, su zama manajoji, su koyar da na bayansu. Ta haka ɗabi'ar ta riƙa haifar kanta.

Ƙorafe-ƙorafe ma ba su yanke ba. A 2010 jami'an ofishin sa ido kan bankuna sun tambayi Tolstedt game da ƙorafi kusan 700 da ma'aikata suka shigar a kan maguɗin ciniki. Ofishin da kansa ya amsa a 2017 cewa bai bi maganar yadda ya kamata ba. Bayan abin ya fashe, tsofaffin ma'aikata da dama sun gaya wa 'yan jarida cewa sun kira layin ƙorafi, ba a jima ba aka sallame su da wani dalili na daban. Idan labari irin wannan ya zaga reshe sau ɗaya, layin ya mutu, ko da wayar tana aiki. A Disambar 2013 kuma jaridar Los Angeles Times ta buga dogon rahoto na E. Scott Reckard, wanda ya fito da matsin da ake ciki filla-filla daga bakin ma'aikata.

To da me shugabanni suke auna lafiyar wurin? Da abubuwan da ke faranta rai. Riba tana hawa. Binciken jin ra'ayin ma'aikata yana fitowa da sakamako mai kyau. Mujallar American Banker ta zaɓi Stumpf gwarzon ma'aikacin banki na 2013, kamfanin Morningstar ya ba shi gwarzon shugaban kamfani na 2015, Tolstedt kuma tana cikin jerin matan da suka fi ƙarfi a harkar banki. Ni a ganina binciken jin ra'ayi yana da amfani, amma a wurin da tsoro ya yi yawa ba ya faɗin gaskiya, don wanda ke tsoron manajansa ba zai yarda cewa amsarsa a ɓoye take ba. Takardar sallama, da takardar ajiye aiki, da asusun da ba kowa a cikinsa, su ba sa jin tsoron manaja.

Dalilin da ya sa aka gani ba a karanta ba

A watan Afrilun 2017 daraktocin bankin masu zaman kansu suka fitar da rahoton binciken da kamfanin lauyoyi na Shearman & Sterling ya taya su yi, bayan hira da mutum 100 da duba takardu sama da miliyan 35. Rahoton ya ɗora laifin a kan gurɓacewar al'adar ciniki a sashen rassa, da kuma tsarin bankin na sakar wa kowane sashe mara. Akwai taken da ake yawan faɗa wa shugabannin sassa, cewa kowa ya tafiyar da sashensa kamar nasa ne na kansa. A zahiri wannan yana ƙarfafa himma. A aikace kuwa ya sa jami'an kula da haɗari da na kula da ma'aikata da ke cikin sashen rassa suna ƙarƙashin shugabar sashen ne, ita suke kai wa rahoto. Wanda aka ɗora don ya taka maka birki, kai ne mai rubuta masa ƙarin girma.

Sauran sassan ma kowa ya ga ɓangarensa ya tsaya nan. Masu bincike suna kama mutum ɗaya-ɗaya suna rufe fayil. Lauyoyi suna kallon abin ta fuskar ƙarar da korarren ma'aikaci zai iya shigarwa. Masu lissafi suna ganin kuɗin da aka caji mutane ba su da yawa, don haka haɗarin ƙarami ne. Babu wanda aikinsa shi ne ya tattara duka ya tambaya: me ya sa abu ɗaya yake ta maimaituwa daga Kalifoniya zuwa Arizona zuwa Fulorida?

Rahoton ya ce Tolstedt ba ta son a ƙalubalance ta, ta kuma riƙa rage girman matsalar a gaban daraktoci. Wasu shugabannin yankuna sun gaya mata adadin ya yi yawa, ba ta saurara ba. Stumpf kuwa ya daɗe yana aiki da ita, yana yaba ta a matsayin wadda ta fi kowa iya aikin banki a Amurka, bai so ya taɓa sashen da ke kawo riba ba. A watan Mayun 2015, bayan ƙarar Los Anjalis, an gaya wa kwamitin daraktoci mai kula da haɗari cewa ma'aikata 230 aka kora. Adadin 5,300 sai a Satumbar 2016 daraktocin suka ji shi, lokacin da sauran duniya ta ji. Wannan ba ya wanke su. Jarida ta riga ta buga labarin tun 2013, kuma wanda ke da ikon tambaya bai matsa ba, shi ma yana da kaso.

Ko bayan tarar, Stumpf ya ci gaba da cewa waɗanda suka yi laifin kashi ɗaya ne cikin ɗari na ma'aikata, bara-gurbi ne da ba sa wakiltar al'adar bankin. Wannan lissafi shi ne ya makantar da su tsawon shekaru. Kashi ɗaya cikin ɗari a shekara yana kama da ƙaramin abu, har ana ganin alama ce ta cewa tsarin kamawa yana aiki. Amma waɗanda aka kama ke nan, kuma ta hanyar awo mai tsauri da aka saita don ya kamo mafiya muni kawai.

Abin da ya biyo baya

Ranar 20 ga Satumba, 2016, Stumpf ya bayyana gaban kwamitin harkokin banki na Majalisar Dattawa. Sanata Elizabeth Warren ta gaya masa a fuskarsa cewa ya kamata ya sauka, ya mayar da kuɗin da ya samu, a kuma bincike shi. Abin da ya fi fusata mutane shi ne dubban ƙananan ma'aikata sun rasa aiki, babu babban shugaba ko ɗaya da aka kora, Tolstedt ma an shirya mata ritaya cikin girmamawa da dukiya mai yawa. Ranar 12 ga Oktoba Stumpf ya ajiye aiki. Daga baya bankin ya ƙwace masa lada da hannun jari na kimanin dala miliyan 69, ya ƙwace wa Tolstedt kimanin miliyan 67.

Tsugune ba ta ƙare ba. A Agustan 2017 sabon bincike da ya koma har 2009 ya ɗaga adadin asusun da ake zargi zuwa miliyan uku da rabi. A wannan shekarar aka gano cewa an ɗora wa masu bashin mota kusan 570,000 inshorar da ba sa bukata, har wasu kimanin 20,000 suka rasa motocinsu. Wannan ya fito ne daga wani sashe daban, abin da ya nuna cewa cutar ba a rassa kaɗai take ba. A Afrilun 2018 aka ci bankin tarar dala biliyan ɗaya a kan inshorar da wasu caje-cajen bashin gida. A Fabrairun 2020 ya amince ya biya dala biliyan uku ga ma'aikatar shari'a da hukumar kula da kasuwar hannun jari, ya kuma amsa cewa abin ya gudana daga 2002 zuwa 2016, kuma lambar da yake kai wa masu zuba jari tana ɗauke da asusun da ba a nema ba. A Janairun 2020 aka haramta wa Stumpf aikin banki har abada, da tarar dala miliyan 17.5. A 2023 Tolstedt ta amsa laifin kawo cikas ga binciken hukuma, kotu ta ba ta shekara uku a ƙarƙashin sa ido, wata shida daga ciki a tsare a gida.

Hukuncin da ya fi ciwo ba tara ba ne. Ranar 2 ga Fabrairu, 2018, Babban Bankin Amurka, a ƙarshen wa'adin shugabarsa Janet Yellen, ya hana Wells Fargo girma fiye da yadda yake a ƙarshen 2017, wato kadarorin kusan dala tiriliyan 1.95, har sai ya gyara shugabancinsa da tsarin kula da haɗari. Sama da shekara bakwai abokan gasarsa suna faɗaɗa, shi yana tsaye, wani lokaci har yana kauce wa manyan ajiya don kada ya tsallake iyaka.

A nan ya kamata a tsaya a yi lissafin kasuwanci zalla. Kuɗin da bankin ya fara mayar wa mutane na cajin da aka yi musu a kan asusun bogi dala miliyan 2.6 ne. Asusun da ba kowa a ciki ba ya kawo riba, hasali ma buɗe shi da rufe shi kashe kuɗi ne. Ke nan al'adar wurin ta yi wa lambar hidima matuƙa, ta kuma yi wa kasuwancin kansa illa. Wannan ne ya sa tambayar ko al'adar kamfani ta dace da burinsa ba ta isa ba ita kaɗai. Sai an fara tambaya ko abin da ake ƙirgawa kullum shi ne burin da gaske, da kuma ko mutum zai iya cika shi ta hanyar cutar da wanda aka ce ana yi wa aiki.

Gyaran da aka yi ya bi wuraren da ɓarakar take. Daga 1 ga Oktoba, 2016, aka soke adadin ciniki a rassa. A farkon 2017 aka kawo sabon tsarin lada da ya dogara da gamsuwar kwastoma da ko yana amfani da abin da aka buɗe masa, aka kuma daina sanar da lambar nan ga masu hannun jari. Aka ciro jami'an haɗari da na kula da ma'aikata daga ƙarƙashin shugabannin sassa aka mayar da su hedikwata, aka raba kujerar shugaban daraktoci da ta shugaban gudanarwa, aka sauya yawancin daraktocin. Tim Sloan, wanda ya gaji Stumpf, ya shafe kusan shekara talatin a bankin, kuma 'yan majalisa da hukumomi ba su gamsu cewa ɗan gida zai iya sauya gidan ba. Ya sauka a Maris 2019. A Oktoban wannan shekara aka ɗauko Charlie Scharf daga waje, shi kuma ya cika manyan kujeru da baƙi.

Soke taget ya ɗauki 'yan makonni. Sauran gyaran ya ɗauki shekaru, kuma a tsakani, a Disambar 2022, hukumar kare masu hulɗa da bankuna ta sake umartar bankin ya biya dala biliyan 3.7, tara da diyya, a kan kura-kuran da suka shafi bashin mota da na gida da asusun ajiya na miliyoyin mutane. Sai a watan Yunin 2025 Babban Bankin Amurka ya ɗage takunkumin hana girma, kusan shekara tara bayan tarar farko, shekara ashirin da ɗaya bayan rahoton jami'in binciken nan na 2004.